Darasin lissafi: mu duba halin lamba 3.328.365

Ina gaida ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci, maza da mata, duk inda kuka taru gindin radiyo. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Badagishiri inda nake karantarwa, da na Illela, da na Malbaza, da na Birnin Ƙonni. Yau ranar lissafi ce. Kowa ya jawo allonsa da alli. Mai kaye ya buɗe sabon shafi. Wanda ba ya da ko ɗaya ya share ƙasa gabansa ya nemi tsinke, ƙasa ma allo ce.

Lamba guda tak za mu yi aiki da ita yau, amma doguwa ce. Ku rubuta yadda nake faɗi, sannu-sannu: uku, ɗigo, uku, biyu, takwas, ɗigo, uku, shida, biyar. In kun rubuta daidai, ga abin da ke kan allonku: 3.328.365.

Ba ni na ƙago ta ba. A watan Disamba na shekarar 2012 gwamnati ta yi ƙidayar jama'a cikin ƙasa baki ɗaya, ita ce ta huɗu bayan ta 1977, da ta 1988, da ta 2001. Da aka gama tattara takardu, aka ce mutanen jahar Tawa su 3.328.365 ne. Duk wanda masu ƙidaya suka rubuta a Badagishiri, ko Galmi, ko Tsarnawa, yana cikin wannan lamba, har jaririn da ke goye. Tun daga lokacin an haifi da yawa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, yawanmu ya wuce nan. Amma lambar tana nan kan takarda, ta kuma ishe mu darasi.

Ga abin da ya sa na ɗauko ta. Mutumin da ke cinikin bisashe ranar Alhamis kasuwar Badagishiri, ya sai da tumaki, ya fidda la'adar dillali, ya fidda kuɗɗin mota, duk da ka, bai ɓatar da ko dala ba, shi ne in ya ga doguwar lamba kan allo sai ya sunkuyar da kai ya ce wannan ta ƴan lakkol ce. Haka zai yi ranar da aka miƙo masa takardar kuɗɗin ƙungiya: ya dangwala hannu bai duba ba. Nan ake cutar mutane. To lamba komi tsawonta tana da hali, kamar yadda bisa take da hali, kuma akwai wuraren da ake dubawa a gane halin tun ba a shiga dogon lissafi ba. Mai sayen sa yana buɗe masa baki ya duba haƙora. Mu ma yau haƙoran lamba za mu duba.

Da farko mu karanta ta. Ku ƙilga ƙwayoyinta: bakwai ne. Doguwar lamba daga wutsiya ake yanka ta, wato daga hannun dama. A ƙilga ƙwaya uku a sa ɗigo, a ƙara ƙilga uku a sa ɗigo. Kowane yanki gida ne. Gidan farko daga dama shi ne gidan ɗaiɗai, akwai 365 ciki. Na biyu gidan dubbai, akwai 328. Na uku gidan miliyoyi, akwai 3. Mu nan Nijar ɗigo muke sawa, ko a bar fili. In takarda ta zo muku daga Nijeriya za ku ga waƙafi madadin ɗigo. Kada ya ruɗa ku, aikinsu ɗaya.

Ku duba, ƙwayar 3 ta fito sau uku cikin wannan lamba. Ta farko miliyan uku ce. Ta biyu dubu ɗari uku ce. Ta uku ɗari uku ce kawai. Sura ɗaya, daraja daban-daban. Mazauni ke ba ƙwaya darajarta.

Yanzu mu faɗe ta da baki: miliyan uku, da dubu ɗari uku da dubu ashirin da takwas, da ɗari uku da sittin da biyar. Kun ji na faɗi dubu har sau biyu. Da gangan na yi. In mutum ya ce maka "dubu ɗari uku da ashirin da takwas", me yake nufi? Yana iya nufin 328.000, yana kuma iya nufin 300.028. Tsakaninsu akwai kusan dubu ashirin da takwas. Baki na iya ɓoye wannan rata, takarda ba ta ɓoyewa. In ana ciniki babba, ka ce a rubuta maka, ka karanta da idonka.

Girmanta fa? In mutum ya zauna yana ƙilga mutanen jahar Tawa ɗaya-ɗaya, kowane sakan mutum guda, ba barci, ba cin abinci, ba tsayawa, sai ya yi kwana 38 da rabi kafin ya kai na ƙarshe.

Mu ce kuma ba mutane ba ne, kuɗɗi ne, sefa 3.328.365. Kun san takarda da sefa take magana, mu kuwa kasuwa da dala muke magana. Sefa 5 ita ce dala guda, sefa 1.000 ita ce jikka guda, wato dala ɗari biyu. Ga dabara mai sauƙi: ka rufe gidan ɗaiɗai da yatsa, abin da ya rage a hagu jikkuna ne. Nan 3.328 ya rage, jikka dubu uku da ɗari uku da ashirin da takwas ke nan. Ɗaga yatsa, ka raba 365 gida biyar, ka samu 73. To kuɗɗin su ne jikka 3.328 da dala 73.

Mun karanta ta, mun san girmanta. Sai mu fara yi mata tambayoyi.

Tambaya ta farko, kowa ya san ta tun yana yaro. Yaro ya dunƙule gyaɗa cikin hannu ya ce da abokinsa: cika ko mara? In gyaɗar ta jeru biyu-biyu ba saura, cika ce. In guda ta rage ba abokiya, mara ce. Ita ma doguwar lamba haka ake tambayarta, kuma ba sai an jera ta biyu-biyu ba. Wutsiya kaɗai ake dubawa. In ƙwayar ƙarshe 0 ce, ko 2, ko 4, ko 6, ko 8, lambar cika ce. In 1 ce, ko 3, ko 5, ko 7, ko 9, mara ce. Dalili kuwa: goma tana rabuwa biyu daidai, ɗari ma haka, dubu ma haka, miliyan ma haka. Duk abin da ke hagu tarin gomomi ne, ba ya kawo rigima. In rigima za ta taso, daga ƙwayar ƙarshe za ta taso.

Tamu da 5 ta ƙare. Mara ce. In aka raba ta biyu, kowane gefe ya samu 1.664.182, guda ɗaya ya rage tsakiya. Ku ga abin da kallo guda ya gaya mana: ko ba mu buɗe littafin ƙidaya ba, mun san maza da mata na jahar Tawa ba su zo daidai wa daida ba a 2012, don da sun zo daidai, da jimlarsu cika ce. Har wa yau, lambar da ba ta rabu biyu ba, ba ta rabuwa gida 4, ko 6, ko 8, ko 10, ko 12. Duk waɗannan ƴaƴan biyu ne. Kallo guda ya rufe ƙofofi da yawa.

Tambaya ta biyu ita ma ta wutsiya ce: tana rabuwa gida biyar? In lamba ta ƙare da 0 ko 5, tana rabuwa. Wannan ba baƙo ba ne gare mu, shi ne lissafin dala. Farashin da ya ƙare da 0 ko 5 ana iya biyansa da dala cif. Tamu ta ƙare da 5, saboda haka ta rabu: kashi biyar, kowane kashi 665.673. In kuɗɗi ne, dala 665.673 ke nan.

Tambaya ta uku ta fi daɗi, ku kasa kunne sosai. Tana rabuwa gida uku? Nan wutsiya ba ta da amfani. Sai a tara ƙwayoyin lambar duka, kamar ba su da mazauni. Mu tara tare: 3 da 3, shida. Da 2, takwas. Da 8, goma sha shida. Da 3, goma sha tara. Da 6, ashirin da biyar. Da 5, talatin. Jimla 30. In jimlar ƙwayoyi ta rabu gida uku, lambar duka ta rabu gida uku. Talatin goma ce sau uku. Saboda haka 3.328.365 tana rabuwa gida uku ba saura, kowane kashi 1.109.455. Wanda bai yarda ba ya rubuta 1.109.455 sau uku, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ya tara. Ina son ku gwada, kada ku yarda don radiyo ta faɗa.

Wani zai ce wannan kamar siddabaru. Ba siddabaru ciki, ga dalilinsa. Ɗauki goro goma ka raba wa mutum uku: kowa uku, guda ya rage. Ɗauki ɗari: kowa talatin da uku, guda ya rage. Ɗauki dubu: kowa 333, guda ya rage. Miliyan ma guda take ragewa. To in kana da gomomi shida, ragowar shida ce. In kana da ɗari uku, ragowar uku ce. Kowace ƙwaya ita da kanta ke faɗin ragowar ɗakinta. Da muka tara ƙwayoyi, ragowa muka tara. In ragowar ta rabu gida uku, magana ta ƙare.

Dabarar tara ma ita ce wannan, don goma tara ce da guda, ɗari kuwa tis'in da tara ce da guda. In jimlar ƙwayoyi ta rabu gida tara, lambar ta rabu gida tara. Jimlarmu 30 ce. Tara sau uku 27, saura 3. Saboda haka lambarmu ba ta rabuwa gida tara, kuma mun san ragowar tun ba mu raba ba: uku ce.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru da wani ɗalibina, ba sai na faɗi suna ba. Su tara suka yi ƙwadagon haƙa tassa gonar wani mutum. Da aiki ya ƙare, mai gona ya ba babbansu kuɗɗi da ƴar takarda an rubuta 76.500. Babban ya miƙa wa kowa jikka takwas, ya ce sauran canji ne, ba ya rabuwa tsakanin mutum tara, bari ya riƙe. Kowa ya yi shiru, don ba mai son a ce ya zargi babba. Ɗalibin nan ya karɓi takardar ya duba, ya tara cikin ransa: 7 da 6, goma sha uku, da 5, goma sha takwas, sifiri biyu ba su ƙara komi. Goma sha takwas tara ce sau biyu. Sai ya ce: "Yaya, gafarta mini, kuɗɗin nan suna rabuwa tara cif, mu sake lissafi." Aka zauna aka sake. Rabon kowa 8.500 ne, jikka takwas da dala ɗari. Sefa 4.500 ne suka so su kwana aljihu guda. Ban ce babban nan ɓarawo ne ba, wataƙila shi ma rabawar ta gagare shi. Amma dala ɗari kuɗɗin cefane ce, kuma guminsu ce.

Ku lura da iyakar dabarar. Ba ta gaya maka rabon kowa nawa ne, wannan sai ka yi rabawa. Abin da take gaya maka shi ne ko akwai saura ko babu, da yawan sauran. Sau da yawa wannan ya isa ka san ko a tashi ko a sake zama.

Mu koma ga lambarmu. Ta rabu gida uku, ta rabu gida biyar. Uku da biyar ba su haɗa dangi ba, saboda haka ta rabu gida uku sau biyar, wato 15. In an kasa mutanen jahar Tawa kashi goma sha biyar daidai, kowane kashi mutum 221.891 ne. Ku rubuta wannan sabuwar lamba ƙarƙashin ta farko: 221.891.

Ita ma mu yi mata tambayoyin. Wutsiyarta 1: mara ce, kuma ba ta biyar ba ce. Jimlar ƙwayoyinta: 2 da 2 da 1 da 8 da 9 da 1, ashirin da uku. Ba ta uku ba ce, ba ta tara ba ce. A gwada bakwai: saura 5. A gwada goma sha ɗaya: saura 10. A gwada goma sha uku: saura 7. Ko'ina aka taɓa ta sai ta bar saura.

Akwai irin waɗannan lambobi, masana lissafi sun ware su aji guda. Lamba ce wadda ba mai raba ta cif sai 1 da ita kanta. Mu cikin ajinmu gagara-rabo muke ce musu. Ƙanananta kun san su: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23. Ɗauki goro bakwai: ko ka ba mutum guda duka, ko ka ba mutum bakwai guda-guda, in ba haka ba sai an fasa goro. Biyu ita kaɗai ce cika cikinsu, sauran duk mara ne. Amma ba kowace mara ce gagara-rabo ba: 9 mara ce, ga ta uku sau uku. Ita kuwa 1 ba a sa ta cikin wannan aji.

Yaya za a tabbata 221.891 gagara-rabo ce? Sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita, sama da dubu ɗari biyu? A'a. In lamba ta rabu, masu raba ta biyu-biyu suke zuwa, ƙarami da babba, kamar 3 da 12 cikin 36, ko 4 da 9. In ƙaramin ya ƙaru, babban ya ragu, har su gamu tsakiya, 6 da 6. In ka kai tsakiya ba ka samu ƙaramin ba, babu babban. Tsakiyar 221.891 tana wajen 471, don 471 sau 471 ya ba da 221.841, 472 sau 472 kuwa ya zarce ta. Kuma ba sai an gwada kowace lamba har 471 ba, gagara-rabo kaɗai ake gwadawa, don abin da bai rabu biyu ba ba ya rabuwa huɗu. Daga 2 zuwa 467 su 91 ne. Na zauna na gwada su duka da na'urar lissafi ta salula, ɗaya bayan ɗaya, har shayina ya huce. Ba wadda ta raba ta. Ita 37 ma ta bar saura 2.

To yanzu mun kai ga ƙashin lambarmu. Ku rubuta: 3 sau 5 sau 221.891 ya ba da 3.328.365. Tubali uku aka gina ta da su, kowane gagara-rabo ne, ba wanda ya fito sau biyu. Kowace lamba da ta wuce 1, in ba gagara-rabo ba ce, haka ake warware ta zuwa tubalanta, kuma ko ta wace hanya aka fara, tubalan nan dai za a tarar. Daga tubalan ake sanin duk masu raba ta. Na tamu su takwas ne: 1, 3, 5, 15, 221.891, 665.673, 1.109.455, da ita kanta. Lamba ta wuce miliyan uku, amma hanyar raba ta daidai takwas ce kacal.

Don ku ga bambanci, mu ɗauko wata daga cikin ƙidayar nan ta 2012. Jahar Agadas ita ce ta fi ƙarancin jama'a, mutum 487.620. Ku rubuta, ku yi mata tambayoyin da kanku. Wutsiya 0: cika ce, ta biyar ce, ta goma ce. Jimlar ƙwayoyi: 4 da 8 da 7 da 6 da 2, ashirin da bakwai: ta uku ce, ta tara ce. Ga ƙarin dabara guda, ta huɗu: a duba ƙwaya biyu na ƙarshe, don ɗari tana rabuwa huɗu. Nan 20 ce, ta rabu. Tun da ta biyu ce kuma ta uku, ta shida ce. Bakwai ma ta raba ta, kowane kashi 69.660. Daga 1 zuwa 10, takwas kaɗai ta ƙi, ta bar saura 4. Tubalanta su ne 2 har sau biyu, 3 har sau huɗu, sai 5, da 7, da 43. Masu raba ta su 120 ne. Ta Tawa ta ninka ta kusan sau bakwai wajen girma, amma takwas gare ta. Girman lamba daban, halinta daban. Ni dai in ni ne ma'ajin ƙungiya, irin ta Agadas nake fatan ta faɗo hannuna ranar rabo.

Masanan da can sun ƙara wata rarrabewa. Suka ce a tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta zo daidai da lambar, kammalalla ce, kamar 6, da 1 da 2 da 3 suka ba da ita, ko 28. In jimlar ta gaza, lambar mai gaira ce. In ta zarce, mai rara ce. Masu raba ta Tawa in an tara su 1.997.043 ne, ba su kai ta ba, mai gaira ce. Na ta Agadas 1.301.244 ne, sun ninka ta fiye da sau biyu, mai rara ce. Wannan ba ya sayen hatsi kasuwa, na faɗa muku ne don ku san akwai shi.

Tambaya ta ƙarshe ta manoma ce. Mutanen ƙasar Illela da Badagishiri sun san tassa, ramukan da ake haƙawa kan faƙo a zuba taki su riƙe ruwan sama. Aikin ya bazu nan ne tun ƙarshen shekarun 1980, bayan wasu manoman Illela sun je Yatenga ta Burkina Faso sun ga yadda ake gyara shi. In ka haƙa layi goma, kowane layi rami goma, kana da rami 100, gonar ta yi kusurwa huɗu, tsawo da faɗi ɗaya. Lamba irin 100, ko 25, ko 36, ita ake kira murabba'i. To rami 3.328.365 zai jeru haka? Layi 1.824, kowane rami 1.824, ya ba da 3.326.976, saura rami 1.389 ba wurin sa su. In ka ƙara layi ya zama 1.825 kowane gefe, kana bukatar 3.330.625, ka gaza da 2.260. Ba murabba'i ba ce. Mai ido ma tun daga wutsiya zai gane: murabba'in da ya ƙare da 5, da 25 yake ƙarewa kullum, tamu kuwa 65 ce. In dole sai layuka sun zo daidai, mafi kyan abin da za ta ba ka shi ne layi 15, kowane rami 221.891. Wannan ba gona ba ce, hanyar mota ce.

Kafin mu rufe, wani ɗalibi ya taɓa tambayata ko gagara-rabo suna da ta ƙarshe. Ba su da ita. Wani masani mai suna Iƙilidis, da ya zauna birnin Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo hujja cewa komi girman wadda ka samu, akwai wata gaba da ita. Har zamanin nan ana farautarsu da kwamfuta. A watan Oktoba na 2024 an gano wata mai ƙwaya 41.024.320. Tamu mai ƙwaya shida ta sa shayina ya huce, ku auna wannan. Ba don wasa kaɗai ake kula da su ba: ninka manyan gagara-rabo biyu abu ne mai sauƙi, amma warware abin da suka bayar a gano su yana da wuya ƙwarai, shi ya sa ake amfani da su wajen kulle saƙonnin banki da na intanet.

Ga aikin gida. Ku rubuta lambobi uku, duk daga ƙidayar 2012. Jahar Maraɗi: 3.402.094. Jahar Damagaram: 3.539.764. Ƙasar Nijar baki ɗaya: 17.138.707. Ku yi hankali da sifirin da ke cikin ta Maraɗi da ta ƙasa. Sifiri mai gadin ɗaki ne, in kun manta da shi, 17.138.707 sai ta koma 1.713.877, kun zubar da mutum fiye da miliyan goma sha biyar. Kowace lamba ku karanta ta da ƙarfi gaban ɗan'uwanku. Sannan ku tambaye ta: cika ce ko mara? Tana rabuwa gida huɗu? Gida biyar? Gida uku? Gida tara? In ba ta rabu tara ba, saura nawa? Ku mai da ita kuɗɗi, ku faɗi jikka nawa ce. Malaman cibiyoyi su duba allunan, su aiko mana da amsoshin ɗalibansu.

Wanda kuma ke da wata takardar ciniki ajiye cikin gida, ta albasa, ko ta wake, ko ta asusun mata, ya fiddo ta ya yi mata tambayoyin nan, ya zo da ita aji. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ba da amsoshi, mu shiga rabawa mai saura. Sai mun sake saduwa. Ku huta lafiya.